Santsin da Ba Nawa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Shekara goma sha ɗaya ina haɗa man gashin nan, na san shi kamar yunwar cikina. Man kwakwa, man zaitun, ɗan ganye, yadda Inna ta koya mini kafin ta rasu. Yau na ɗiga a bayan hannu, sai ya bi fata sumul, babu maiƙo. Man kwakwa ba ya haka. Ban ce wa kowa komai ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mai shagon gyaran gashi ta bakin titi ta ce a ƙaro mata kwalba arba'in. Wai, "Wannan karon kin gyara hannu, mataji har gudu yake a kai." Na gyara hannu? To da can fa? Auta tana gefe tana manna takardun kwalba, ko kai ba ta ɗaga ba. Wata biyu ke nan da ta bar aikin kamfanin kayan shafa ta dawo muna yi tare. Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Ba na so in yi mata zato.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai kawo mana mai nake zargi. Sau biyu yana sauya jarka.

Asabar, 8 ga Maris

Na tare shi a ƙofa, na ce ya faɗa mini abin da yake surkawa. Dattijon ya tsaya yana kallona, ya ce, "Hajiya, tun mahaifiyarki nake kawo mai gidan nan." Ya mayar da jarkokinsa kan babur ya tafi. Baban yara ya ce na yi gaggawa. Shi da bai san bambancin man gashi da man inji ba.

Talata, 11 ga Maris

Na sayo mai a wani wurin, na haɗa da hannuna, na fita kai yara makaranta. Na dawo, santsin na nan. Auta kaɗai na bari a ɗakin haɗi. Mutum biyu ke da makulli, kuma ban haukace ba.

Laraba, 12 ga Maris

Wata mata ta zo da 'yarta mai ƙaiƙayin kai. Ta nuna rubutun kwalba: zalla, babu sinadari. Ta ce, "Gaskiya ne ko? Don likita ya ce in kula da abin da nake shafa mata." Na ce gaskiya ne. Har rantsuwa na yi, Allah Ya yafe mini. 

Juma'a, 14 ga Maris

Na same shi. Bayan kwalin murafu, galan ƙarami an naɗe a tsohon zane. Ruwa ne garai, ba ƙamshi ba wari. Kaɗan ya zube a ƙasa, saura ƙiris in yi zaman 'yan bori a kan tayil. Na ɗora galan kan tebur na zauna jiranta.

Ba ta ko musa ba. "Silikon ne, Yaya. Rabin mayukan kanti akwai shi. Lulluɓe gashi yake ya yi laushi, ba guba ba ne."

Na ce ban tambaye ta guba ba, na tambaye ta sunan wa ke jikin kwalba. Ta ce, "Da na zo, mutum nawa suka rage suna saye? Na faɗa miki mu gwada, kika ce in bar miki ilimin kamfani a waje." Ban tuna na faɗi haka ba. Watakila na faɗa. Na karɓi makullina. Ta ɗauki jakarta, ta ce in gaishe da yara.

Asabar, 15 ga Maris

Na nemo lambar uwar yarinyar nan mai ƙaiƙayin kai na faɗa mata komai. Ta ce za ta tambayi likita. Kunya kamar in nutse.

Talata, 18 ga Maris

Haɗin asali na kai wa mai shago. Ta murza a yatsa ta ce, "Ina wancan?" Goma ta ɗauka. Matar nan kuma ta kira, likita ya ce silikon ba shi ne matsalar yarinyar ba, a dai riƙa wanke kai sosai. Amma ba za ta ƙara saye ba. Wai ba man ta tsana ba. Na gane.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je gidan dattijon mai kawo mai na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Bai ce yaushe zai dawo ba.

Ko Auta ce ta zuga mai shago? Sun saba hira. Kai, ya isa haka.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je wurin mai buga takardu. Kala biyu na ce ya yi, ɗaya na Inna yadda yake, ɗaya na mai silikon, da komai a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya tambaye ni yadda ake rubuta cikakken sunan sinadarin, ban sani ba. Dole na kira Auta, don wannan kawai. Ta karanto harafi-harafi, sai ta ce, "Yaya, kin ci abinci?" Na ce ba abin da na kira ke nan ba.

Gobe za ta zo ta nuna mini ma'auni. A gabana za a zuba.