Piyanon Manal

Asabar, 5 Oktoba 2024
Manal ta zuba mini kiɗan piyano a waya, wai in riƙa ji idan na sauke masu umra a Jidda ina dawowa ni kaɗai. 'Yata ce, amma hirarmu ba ta wuce "ka ci abinci?" A nan cikin Larabawa ta tashi, Hausarta ba ta nisa, ni kuma Larabcina na direbobi ne.

Laraba, 9 Oktoba
Na sami gwanina a cikin makaɗan. Wani ɗan Poland, sunansa ya ƙi zama a bakina. Kiɗansa a hankali, kamar mai tafiya kada ya tashi jariri. Ita kuwa kiɗan wani Bajamushe da ya kurmance take so. Na ce mata wannan ai dambe yake yi da piyanon. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ashe kana da kunne!" Da Hausa ta faɗa.

Juma'a, 18 Oktoba
Bayan salla Malam Yari mai shayi a unguwarmu ta Mansur ya ja ni gefe, wai an ce 'yata na koyon kiɗan Turawa. Na ce ƙwarai, a ɗakinta. Abin ya sosa mini rai.

Lahadi, 3 Nuwamba
Mun sha gardama a kan gwanayenmu har tuwo ya huce. Sannan ta fito da maganar: akwai jarrabawar shiga makarantar kiɗa a Jidda, in ta ci za ta zauna wurin gwaggonta Suhaila. "Za ka kai ni, Baba?"

Talata, 12 Nuwamba
Na kai ta. Ina zaune bakin ƙofa na ji an soma. Kiɗan gwanina ne! Da ta fito ta ce, "Naka na buga, don kada hannuna ya yi rawa." Na juya ina neman makullin mota, alhali yana hannuna.

Alhamis, 21 Nuwamba
An ɗauke ta. Alhamdulillahi! Uwarta Hauwa har da guɗa.

Asabar, 7 Disamba
Ta tafi, gida shiru. Na shiga ɗakinta duba fanka, sai ga ƙaramin piyanonta ta bari. Na ɗan taɓa da yatsa ɗaya, ba wani abu ba. Hauwa ta leƙo: "Malam, me kake yi?" Na ce ƙura nake sharewa.

Da la'asar na kira Manal, mu gaisa kawai. Na dai tambaye ta inda ake sa babban yatsa a kan piyano.