Tsohon Ya Ce Albarka

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki lafiyar ƙafar nan. Inna ta samu sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a kan rashin cin abinci.

Yaya, akwai magana. Kin tuna gidan kan kwana da na ce za mu saya da kuɗinmu, ni da ke, mu gyara mu sayar? Mai gidan tsoho ne, jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Babban ɗansa ne ya shigar da ni ɗakin, inda na tarar da shi kwance, ga kwalaben magani jere a taga. Kin san ni da ciniki, sai da na lissafa tsagewar bango da yoyon rufi kafin na yi tayi, tayin da ni kaina na ji kunyarsa. Tsohon ya kafe ni da ido, ya ce albarka, har sau uku. Ɗan ya yi dariya, ya ce albarka baba yake sa mana. Ya kama hannun da ba ya motsi, ya dangwala yatsan a takardar ciniki. Na biya kafin alƙalami, na fito ina murna.

Jiya wani maƙwabcinsu tela ya gaya mini tsohon shekara arba'in ya yi yana sayar da yadi a kasuwa. Mu 'ya'yan ɗan kasuwa ne, Yaya, mun san in aka taya kaya mai shi ya ce albarka, bai sallama ba ke nan. Gaskiya tun a ɗakin na gane, kwaɗayi ya toshe mini kunne. Ran Litinin za su kwashe shi daga gidan. Wallahi tsoron haƙƙinsa nake, ko aljihun teburin da takardar take ciki ban iya buɗewa.

Gobe zan mayar musu da ita. Ɗan ya ce kuɗin sun riga sun tafi, kuma rabinsu guminki ne. Ki yafe mini. Zan durƙusa gaban gadon in sake tayi, in bai ce ya sallama da bakinsa ba, na haƙura.

Ki gaishe da maigidan, da Auta, da takwarar Inna.

Ƙaninki da ke jiran amsarki.