Tekun da Na Karanta wa Dung

Handsworth, Birmingham
12 ga Janairu, 2014

Zuwa ga matata Kaneng,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da 'yarmu Celestina da mijinta Tomas da jaririya. Yaya ciwon gwiwar taki da wannan sanyi? An ce ruwa bai ɗauke a Manchester ba tun Kirsimeti. Ni ma ina nan lafiya, sai godiya.

Na ɗauki biro ne don kin daina ɗaga waya. In na kira, Celestina ce ke ɗauka, ta ce, "Daddy, Mummy tana hutawa," alhali ina jiyo muryarki a bayanta kina yi wa jaririya waƙa. Kin ce kwana arba'in za ki yi kina taya ta jego. Yau kwana saba'in da uku.

Gida yana nan yadda kika bar shi. Ɗakin ɗanmu Dung ban taɓa komai a ciki ba, sai dai nakan buɗe taga ya sha iska. Monica ta coci ta kawo mini gwate, faten nan na garinmu, sau biyu, tana tambayar ki. A wurin aiki kuma an tara mu, an ce council, wato hukumar birni, za ta sake rage kuɗin laburare. Mu bakwai ne, uku za a bari.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ranar da aka yi wa ɗanmu addu'a a coci, babu akwati, sai hotonsa a kan tebur, kin juyo a bakin ƙofa gaban jama'a kin ce mini, "Kai ka zuba masa teku a kai. Kai da littattafan Baturenka." Ina so dai ki ji yadda abin ya fara, don ban taɓa ba ki labarin tun daga tushe ba.

Ina aji biyu a makarantar kwana a Gindiri zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda. Wani malami ya miƙo mini littafi mai yagaggen bango don in rage kaɗaici. Wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, wanda ya mutu tun kafin a haifi babana. Labarin wani matashi ne da jirgin ruwansu ya fashe, ya yi kwana goma sha tara shi kaɗai a cikin kwalekwale. A lokacin ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin haƙar kuza na bayan gidanmu ba, amma sai da na ji gishiri a bakina. Mutumin nan ne ya sa na so karatu, shi ya sa na zama ma'aikacin laburare. Da muka zo ƙasar nan na bi kantunan tsofaffin littattafai har na haɗa nasa guda goma sha ɗaya.

Kin tuna safiyar Asabar, in kin tafi aiki gidan kula da tsofaffi? Lokacin nake karanta wa Dung. In karanta shafi da Turanci, in maimaita masa da Hausa, don kada harshenmu ya kuɓuce masa. Ya yi ta tambayata sunayen sassan jirgi da Hausa, da Turancin nan nasa na Birmingham, ni kuwa ban sani ba, sai mu ƙirƙira tare muna dariya. Hausa nake nufin koya masa, Kaneng. Allah ne shaidata.

Ki gaishe mini da yara. Ki riƙa shan maganinki.

Mijinki,
Manasseh

Handsworth, Birmingham
9 ga Maris, 2014

Zuwa ga Kaneng,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa yana lafiya. Celestina ta turo mini hoton jaririya, na ga goshinki sak. Ban sami amsar wasiƙata ba, amma ta ce kin karanta, wannan ma ya ishe ni.

Ba na cikin ukun da aka bari. Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, bayan shekara goma sha tara. Kada ki damu, za mu ci abinci. Abin da ya fi mini ciwo shi ne aikin ƙarshe da aka ba ni. Za a rufe ɗakin sama, don haka aka ce in fitar da duk littafin da ya shekara biyar ba a are shi ba. Kwali arba'in na cika da hannuna.

A cikin tsince-tsincen ne na ci karo da tarihin rayuwar Ba'amurken nan. Shekara arba'in ina karanta labaransa, ban taɓa neman sanin shi kansa ba. Na zauna a kan kwali na fara, abokiyar aikina Rabi'a ta ce in tafi da shi gida tunda dama zubarwa za a yi.

Kaneng, ashe shekara biyu kacal mutumin ya yi a teku. Ya shiga jirgi yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya dawo da ciwon ƙirji wanda bai rabu da shi ba har ya mutu. Duk sauran rayuwarsa a ɗakin haya ya yi ta, yana tari yana rubutu don ya ciyar da iyali. Tsibiran da ya sa na yi mafarkinsu, rabinsu a taswira kawai ya gan su. Yana da ɗa guda namiji. Da yaron ya girma ya gudu zai shiga jirgi, sai uban ya bi shi har tashar jiragen ruwa, tafiyar kwana biyu, ya kamo hannunsa ya dawo da shi gida. Ɗan ya zama akawu, ya rayu har ya yi furfura. Amma bai ƙara yi wa ubansa magana ba, ko jana'izarsa bai je ba.

Tun da na karanta wurin nan na kasa sukuni. Shi da ya rubuta labaran ya san abin da ruwa ke yi, ya hana nasa. Ni da na karanta kawai, na zauna. Da na dawo daga aiki ranar nan ta Fabrairun bara na tarar da takardar Dung a kan tebur, yana cewa ya sami aiki a jirgin kamun kifi a arewacin Scotland, me ya hana ni hawa jirgin ƙasa in bi shi? Fushi na yi. Na ce yaron da ya gama jami'a da digirin injiniya zai je ya riƙa wanke kifi, to ya je, zai dawo da ƙafarsa. Wata biyu ban amsa kiransa ba. Kin roƙe ni, na ƙi.

Na san shekara biyu ya yi yana neman aiki. Na ga takardun da ya aika, sun fi ɗari biyu. Na ga yadda yake dawowa daga ofishin neman aiki ya haye sama ɗakinsa. Abin da na iya gaya masa kullum shi ne ya ƙara haƙuri, ya ƙara nema. Da na kamo shi na dawo da shi, ko da zai ƙi ni har in mutu, ai da yana nan yana numfashi. Kin yi gaskiya a bakin coci, har ma ba ki faɗi rabinta ba.

In na gama aiki zan je garin da Dung ya yi aikin jirgin. Ina so in ga wurin da idona.

Naki har kullum,
Manasseh

Handsworth, Birmingham
13 ga Afrilu, 2014

Kaneng, matata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Ina fata jiki da sauƙi. Jiya na dawo.

Gari ne ƙarami, duk gidajen na dutse ne mai launin toka, ko'ina ƙarnin kifi. Na tsaya a bakin ruwan ya fi awa guda. Ba shuɗi ba ne kamar yadda na yi ta faɗa wa Dung. Baƙi ne, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na sami mai jirgin, dattijo ne sa'ana, hannuwansa duk tsaguwa. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya cire hula. Ya kai ni gidansa, matarsa ta dafa mana shayi. Ya sake ba ni labarin da 'yan sanda suka ba mu, cewa igiyar ruwa ce ta taso ta gefe suna jan koma, ta ɗauke shi, suka yi kwana biyu suna nema. Amma ya ƙara da abin da ba mu ji ba. Ya ce, "Ɗanka ya iya aiki. Makonsa na farko amai ya yi ta yi, bai taɓa cewa a mayar da shi ba. A wata na uku shi ke gyara mana inji." Ya ce in suna cin abinci Dung ne ke ba su labari, na wani matashi a kwalekwale, har manyan maza su manta da cokali a hannu. Ya ce yaron ya yi ƙiba, yana waƙa da wani yare da ba su sani ba.

Ya ba ni hotonsa a kan jirgi, yana dariya, sanye da wata babbar rigar ruwa ruwan goro. Na ce ban san rigar nan ba. Sai matar ta ce, "Ai mahaifiyarsa ce ta saya masa. Kullum sai ya faɗa. Ya ce ita ta raka shi tashar bas ranar da zai taho."

Na ce mata haka ne, na manta ne.

Ban rubuto don in tuhume ki ba, Kaneng. A jirgin ƙasa na yi ta juya maganar, na yi fushi daga nan zuwa can, sa'an nan fushin ya tafi ya bar ni da tunani guda: wata shida tun rasuwarsa kina ɗauke da wannan ke kaɗai. In gaskiya ne, ki gaya mini. In ba ki iya ba, ba zan sake tayar da maganar ba.

Mijinki,
Manasseh

Moston, Manchester
22 ga Afrilu, 2014

Zuwa ga Baban Dung,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan ka yi Ista lafiya. Mu nan lafiya, jaririya ta fara zama. Wasiƙunka uku duk sun iso, suna cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban saba ba.

Gaskiya matar ta faɗa maka. Ni na raka shi. Mako uku kafin ya tafi na sani.

Kai kana fita aiki da safe, ni nake gida da rana, ni na ga abin da ba ka gani ba. Yaron nan ya daina buɗe labule. In na kai masa abinci, da yamma in ɗauko kwanon yadda na ajiye. Wata rana na shiga share ɗakinsa na tarar ya tara ƙwayoyin magani a cikin safa. Na kwashe na zubar, na ja shi wurin GP, likitan unguwarmu, aka sa sunansa a layi aka ce sai bayan wata biyar. Ban gaya maka ba don ya roƙe ni. Ya ce, "Mummy, kada Baba ya sani, zai ga kamar na kasa."

Ranar da aka kira shi daga Scotland ya sauko da gudu ya ɗaga ni sama a kicin. Rabona da jin dariyarsa shekara biyu. Ya ce in ka sani za ka hana. Na auna, na ga in ya zauna a ɗakin nan zan rasa shi, in ya tafi wataƙila ya rayu. Na je kanti a Erdington na ce a ba ni rigar da ruwa ba ya ratsawa, mafi kauri. Na raka shi tasha, na yi masa addu'a, na dawo na ɗora tukunya. Da ka shigo kana karanta takardarsa kana faɗa, ina tsaye ina yanka albasa.

Abin da na faɗa maka a bakin coci, na san ba daidai ba ne tun kafin in rufe baki. In ban ɗora maka ba sai in ɗora wa kaina, ni kuwa ranar ba zan iya ɗauka ba. Daga baya na kasa kallon ka kana yawo a gida ɗauke da laifin da nawa ne. Shi ya sa na gudo, ba don na ƙi ka ba. Ka yafe mini, Manasseh.

Maganar Baturenka da ya kamo ɗansa, ka bar ta. Ba ka ga idon Dung a watannin nan ba. Da ka dawo da shi, ban san ko zai kai Kirsimeti ba. Ban sani ba ko na yi daidai, kuma ba na jin zan taɓa sani. Littattafan kuma kada ka zubar. Ka ce manyan maza sun saurare shi. Wannan kai ka ba shi.

Ban yi maka alkawarin zan biyo ka gida yanzu ba. Har yau ba na iya tunanin hawa matakalar nan in wuce ƙofar ɗakinsa. Amma ka zo ranar Asabar, Tomas zai ɗauko ka a tasha. Ina so ka zauna ka faɗa mini duk abin da mai jirgin ya ce, kada ka tsallake komai. Ka taho da hoton. A leda na miƙa masa rigar, bas na shirin tashi, ban taɓa ganin ta a jikinsa ba.

Celestina da Tomas suna gaishe ka.

Matarka,
Kaneng