Farantan Sola Sun Koma Fadama

Gaya, Jihar Kano.
Lahadi, 7 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya lau, kai da maiɗakinka Naja'atu da yara, kamar yadda ta bar mu. Allah Ya tsare ku a wannan uwa duniya ta Fatakwal, Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan sai godiya. Inna tana can Gafasa da sauƙi sosai, ƙafar takan motsa in sanyi ya sauko, amma shekaranjiya da kanta ta je barkar haihuwa har bayan masallaci, ko sanda ba ta riƙe ba. Yayanka Datti da iyalinsa lafiya, maigidana ma haka. Da gangan na zauna na rubuta maka da hannu na ba direban da ke kai dabbobi can, domin na san halinka sarai. In na yi maka saƙon murya, rabi kake saurara ka turo min hoton babban yatsa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, Auta. Farantan sola sun koma fadama tun ranar Talata, injinka na haƙar kirifto kuma a kashe yake. Na san ka ce kada a taɓa shi. Ni na sa aka yi, ba Datti ba, shi har roƙona ya yi a jira ka. Saboda haka in fushi ne, ga ni nan, ni na goya ka, na san iyakar fushin naka. Abin da nake so kawai ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Lokacin da ka aiko da injin nan a farkon damina, wallahi ban ga laifin dabararka ba, har yabonka na yi. Ka ce farantan da muka saya don injin ban ruwa zaman banza suke yi duk damina, tunda sama na shayar da gona, gara a kwaso su gida su juya injin da zai riƙa haƙo mana sulallan intanet. Datti ya ɗora su a kan rufi, aka ajiye injin a ɗakin marigayi Baba. Kai, abin nan akwai ƙara! Daga hantsi zuwa la'asar gidan kamar an kafa injin niƙa a tsakar gida, sai Inna ta ɗaga murya kafin a ji ta. Ga wata iska mai zafi da yake hurowa ta baya. Inna da ba ta barin komai ya tafi a banza ta shimfiɗa tabarma a wurin tana shanya kuɓewa, a tsakiyar Agusta kuɓewa ta bushe ƙayau cikin wuni ɗaya. Har maƙwabta suka fara aiko da tasu. Ka yi haƙuri, amma ribar da na gani da idona ke nan.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne wayar Datti. Duk ranar da na hau adaidaita na je gida sai ya nuna min abin da injin ya haƙo. Rana ita ce dai, injin shi ne dai, ƙarar ba ta ragu ba, amma abin da yake kawowa sai ja da baya yake. Da na yi maka magana ka ce in bar duba yawan sulallan, in duba farashi, ai yana hawa. Daga nan ka zo da babbar magana, wai a bar farantan a kan injin har rani, tunda a lokacin ne rana ta fi ƙarfi, albasa kuma a haƙura da ita bana.

Ni ba na son in yi gardama a kan abin da ban sani ba. Sai na samu Malam Sharfaddeen, mai koyar da kwamfuta a makarantar da nake koyarwa, wanda shi ma ya taɓa tsoma hannu a harkar. Na ce ya yi min bayani yadda zai yi wa kakarsa. Ya ce abin da ake rabawa masu haƙar nan a kowace rana ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don an ƙara injuna. In farashi ya tashi, manyan kamfanoni a ƙasashen da wuta ke da araha sai su jibge sababbin injuna dubbai, kason kowa ya ƙanƙance. Ya ce bayan 'yan shekaru ma abin rabon kansa rage shi ake yi da rabi. Na ce masa ashe kalar gyaɗa ce. Ka tuna in an gama cire gyaɗa mukan bi gona muna tono ragowar? In ku uku ne ku cika ƙwarya, in unguwa ta fito kowa ya koma gida da tafin hannu. To mu da ɗan injinmu ɗaya, mai aiki rabin wuni, wanda in hadari ya taso sai ya yi shiru, mun shiga kala ne da masu tarakta.

Na tambaye shi zancen farashin da kake ta dogaro da shi. Ya yi dariya ya ce ai ni 'yar manoman albasa ce, bai kamata in tambaya ba. Masu manyan injunan nan wuta suke sha ba kaɗan ba, dole su riƙa sayar da abin da suka haƙo su biya ta. In abu ya yi tsanani duk sai su fito da kaya kasuwa a lokaci guda, farashi ya rikito, kamar yadda albasa ke faɗuwa ranar da kowa ya cire tasa ya nufi kasuwa. Ya ce shi kansa injin farashinsa bin na sulallan yake. In sun hau ya yi tsada, in sun faɗi ko mai gwangwan sai ya yi maka yanga. Sannan duk fitowar sabon samfuri tsohon ya zama kwantai. Da na karanta masa sunan da ke jikin naka, sai ya sosa ƙeya ya ce ai tsohon samfuri ne. Auta, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya sayar maka da shi da rahusa ba don yana ƙaunarka ba ne, sabo ya saya.

Ban ce harkar ƙarya ba ce, ka ji ni da kyau. Akwai masu ci da ita, Malam Sharfaddeen ma bai musa ba. Farashin kuma yana iya ci gaba da hawa, ni ba na duba. Da farantan naka ne kai kaɗai, da fadamar tamu ce ta gado, da na ce je ka gwada sa'arka, in ta yi ruwa rijiya. Amma ka manta abu ɗaya, ko kuwa nisa ya sa ka ɗauke shi da sauƙi. Fadamar nan ba tamu ba ce.

Aro ce. Malam Badaru, aminin Baba, shi ya ara masa ita tun kana rarrafe. Ka san yadda aron gona yake a wurinmu. Muddin kana nomawa ba mai tashinka, in an yi girbi ka ɗauki buhu guda ka kai wa mai ƙasa, ba don haya ba, don dai a tuna ta wane ce. Ranar da ka bar ta ta kwana rani guda ba shuka, ka mayar ke nan, ba sai an faɗa maka ba. Kuma mai aro ba ya dasa itace, domin dasa itace cewa ne ƙasa taka ce. Baba da yake son mangwaro kamar me, shekara talatin da wani abu yana noman wurin nan, ko zogale bai taɓa kafawa ba. In rana ta yi zafi sai dai ya rakuɓe a inuwar amalanke ya ci tuwonsa. Na sha ganinsa yana tsaye a bakin rijiyar yana kallon gefen gabas, na san abin da yake aunawa a ransa, amma bai taɓa furtawa ba. Da fadamar nan aka biya maka makaranta, da ita aka yi min kayan ɗaki, da ita Datti yake riƙe da Inna yau.

To ranar Juma'ar da ta wuce waccan, ina Gafasa, sai ga Malam Badaru bayan an sauko daga masallaci. Ya tsufa ƙwarai, jikansa ne ya kawo shi a babur ya koma. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, muka fito gaishe shi ni da Inna da Datti. Sai da Datti ya je ya kashe injin kafin mu ji abin da yake faɗa, kunya kamar in nutse. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya ce ya bi ta fadama ya ga kowa ya tayar da kwamin ban ruwa, maƙwabta har sun fara dashe, tamu ce kaɗai a bushe. Ya ce ya ɗago kai kuma ya ga farantan a kan rufi, shi ne ya ce bari ya zo ya ji ko 'ya'yan Garba sun samu abin da ya fi noma ne. In haka ne ya taya mu murna, sai ya san yadda zai yi da wurin, domin akwai masu nema har sun dame shi. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Ni kuwa da na ji ya ambaci sunan Baba a haka, wallahi sai na sunkuyar da kai.

Na kira ka a ranar sau uku, ka ce kana wurin aiki, a bari sai farashi ya kai inda kake jira. Albasa ba ta san wannan ba, in lokacin dashe ya wuce ya wuce. Ranar Talata na ɗauki uzuri a makaranta, na je na tsaya a kan Datti har ya sauko da farantan ɗaya bayan ɗaya, muka shimfiɗa katifa a amalanke muka jera su, shanu suka ja har fadama. Iri kuwa Allah Ya taimake mu, Datti bai yarda da maganarka ɗari bisa ɗari ba, ashe ya yafa nasa a ɓoye a gefen gonar abokinsa. Kafin azahar an haɗa wayoyi. Injin ban ruwa ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa ya ɓulɓulo, ja da fari, daga baya ya washe. Na cire takalmi na tsaya a cikin kwami ruwan yana bin ƙafata, ina dariya ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu. Yau kwana biyar ana dashe, an ci fiye da rabi.

Injinka yana nan lafiya ƙalau, Inna ta lulluɓe shi da tsohon zanenta. Naka ne, ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba sai da izininka. Amma in shawarata kake so, ka rabu da shi yanzu da farashi ke sama masu zumuɗi ke nema. Malam Sharfaddeen ya ce ya san mai so a Kano. In kuma ka fi son a sake kunna shi da damina, to, Inna ta ce ba ta ƙi ba, kuɓewa ba ta ƙarewa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ka karanta har ƙarshe. Jiya Asabar muna fadama sai ga Malam Badaru ya sake zuwa, wannan karon rungume da wani abu a cikin leda. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa yana bin kwami. Sannan ya kira ni da Datti. Ya ce shi ba masu neman wurin ne suka dame shi ba, tsufa ne. Ya san in ya faɗi yau, magada za su raba wurin su sayar, kuma ya daɗe da niyya a ransa tun Baba na da rai, nauyin baki ya hana shi har aka yi rashin. Da ya ga fadamar a bushe sai ya ce ashe gara da bai yi ba. Amma tunda ya ga ruwa, ya samu amsarsa. Ya buɗe ledar ya miƙa wa Datti. Muhyiddeen, dashen mangwaro ne, ɗan ƙarami, ganyensa bai fi shida ba. Ya nuna gefen gabas na rijiyar da sandarsa ya ce a nan Garba yake so, ya sani, shekara talatin yana ganinsa yana kallon wurin. Datti, ƙaton mutum da gemu, ya durƙusa a cikin taɓo yana kuka.

Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce zai kira liman da mai unguwa da manyan 'ya'yansa su shaida kyautar, amma sai mu ukun muna tsaye, kuma kai da ka ce a haƙura da albasa, kai za ka haƙa ramin da hannunka. Ya ce tunda haƙa kake so, ga wadda za ka yi. Kada ka ce sai hutun sallah, mutumin nan ya haura tamanin, da ƙyar yake sauka daga babur. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho cikin watan nan.

Ka gaishe min da Naja'atu da kyau, ka ce ina godiya da turaren da ta aiko. Ka shafa min kan Khaula da Yusuf, ka gaya musu gwaggonsu ta ce a dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, Datti da matarsa Hanatu suna gaisuwa, maigidana ya ce a gaya maka ɗakin baƙi a share yake. Dashen yana tsakar gida a cikin tsohuwar tukunya, a ƙofar ɗakin Baba. Inna ce ke ba shi ruwa safe da yamma da butar alwalarsa, kuma tun jiya take ta tambayata yaushe za ka taso.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka, Kubura Garba.