Haƙorin da Na Ɓoye a Kunci

Litinin, 4 ga Maris

Masu yashe tsohuwar rijiyar bayan majema sun fito da ƙasusuwan mutum. Na riga 'yan sanda isa. Cikin laka na hango haƙori mai ɓantare a gefe. Na Yaya ne, ko a mafarki na san shi. Shekara arba'in da shida ina gaya wa unguwar nan cewa bai gudu ya bar matarsa da ciki ba, ana cewa tsoho ya soma ruɗewa. Ɗan sanda ya ce kowa ya zazzage aljihu. Haƙorin da na riga na tsinta na jefa a baki, na tura kunci. Har na iso gida bai yi ɗumi ba.

Laraba, 6 ga Maris

'Yar Yaya ta zo, wadda aka haifa bayan ɓatansa, ga ta yau da jikoki. Wai masu gwajin gano ko gawar wane ce sun ce ruwa ya cinye ƙasusuwan, ba abin da za a samu a jikinsu, sai ko da haƙori, shi kuma ba a gani ba. "Baffa, ba ka tsinci komai ba?" Na ce idona ya mutu. Ta yi mini irin kallon uwarta.

Asabar, 9 ga Maris

Bakina ɗanɗanon ruwan rijiya. Na kurkure har sau uku.

Talata, 12 ga Maris

Na kai haƙorin wurin masu gwajin, don kada yarinyar nan ta kashe ni da kallo. Ɗaki fari, sanyi kamar na ajiye gawa, firji suna gurnani ba mai kula su. Mai gwajin ta sa safar hannu kafin ta taɓa shi. Ta ce sai an wanke bayansa, a tsaga, a niƙe cikinsa ya zama gari, kuma ba ya dawowa. Na ce Yayana ba hatsi ba ne. Da ta gaji da ni, ta goga auduga a bayan haƙorin, ta goga wata a cikin kuncina, ta ce ba ta yi alkawari ba.

Ta nuna mini yadda ake yi da audugar kuncina. Ta tsoma a wani ruwa dangin sabulu, wai yana fasa ƙwayoyin jiki. Ta sa a inji mai juyi, ta zuba wani ruwa mai sanyi. Sai wani farin zare ya taso a 'yar kwalbar, kamar saƙar gizo, yana lilo shi kaɗai. Wai ni ne wannan, da ubana, da uban ubana. Na ce ban shiga aji ba, amma kakanninmu bakwai a kaina suke da sunayensu. Ta yi dariya, ta ce nata zaren bai san sunan kowa ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Ta ajiye takardu biyu a gabana, ta rufe ƙofa. Ta ce wa da ƙane kama suke yi, ba sa zama ɗaya. Waɗannan kuwa ɗaya ne, ba bambancin ko ɗigo.

"A takarda, Baba, kai ne a rijiyar."

Ta tambaya ko yawu ya taɓa haƙorin. Na shafa kuncina, har ta gane. Ta ce yawuna ya rufe shi ruf, mai haƙorin yana can ciki, bai yi magana ba tukuna.

Juma'a, 22 ga Maris

Na bi ta rijiyar da rana tsaka. Na leƙa. Tsoho na gani yana leƙo ni daga ƙasa.

Lahadi, 24 ga Maris

Ba niƙan nake tsoro ba, a nan dai zan faɗa. In aka buɗe aka ce ba shi ba ne fa? To ya gudu ke nan, ni kuma na tsufa kan ƙarya. 'Yar Yaya ta ce ita ba shari'ar unguwa take yi ba, wurin da za ta tsaya ta ce Baba take nema.

Talata, 26 ga Maris

Na dangwala yatsa a takarda, na yarda a niƙa haƙorin. Mai gwajin ta juya shi a fitila, ta ce na sama ne, ɓangaren dama. Na ce hagu. Ta ce dama. Na buɗe baki zan yi musu, na nemi fuskar Yaya yana dariya, ba ta zo ba.

Ƙarar injin ba ta kai minti biyu ba. Sakamako sai nan da sati uku.

A matakala 'yar Yaya ta ce, in ba shi ba ne fa? Na ce a ba mu shi mu binne. Ko wane ne, ai ba ya rasa ƙane.