Kafin Ku Yanka Gwiwar Innata

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan da ke kula da aikin ƙashi a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ’yar garin Matameye ce, mai sayar da ƙuli. Na san tun da sojoji suka hau mulki kowa ya kama bakinsa, amma tsoron da ke raina ya fi wannan.

Na farko. Bara aka ɗauki hoton gwiwar kawuna na garin Ɗan Barto, aka yi masa aiki a birni, aka sallamo shi da kalma ɗaya: ya huta. Ranka ya daɗe, a wurinmu duk abin da ya taɓa ƙashi na maɗori ne. Iyalinsa suka kira maɗori, ya jera karan dawa ya ɗaure ƙafar tamau, aka hana shi motsi. Da aka kwance, ƙafa ta sandare. Sai da suka koma ne wani ma’aikacinku ya hau su da faɗa, wai lanƙwasa ta ya kamata a riƙa yi tun farko. To, wa ya gaya musu? Yau kawu a zaune yake salla, gonarsa ma ba ya iya zuwa.

Na biyu. Yanzu tsofaffinmu sai tururuwa suke wurin hoton nan, kuma ga Innata an ce ita ma sai aiki. Damina ta ƙi, rumbu wayam, yayyena duk suna ci-rani a Kano. Da ɗingishinta take tsare mini yara da awaki in fita nema. In ta sandare, wa zai ɗaga ta, wa zai nemo abinci?

Roƙona, kada a sake sallamar tsoho sai an zaunar da iyalinsa, an nuna musu da hannu, da Hausa, yadda ake motsa ƙafar. A kira maɗoranmu ma a gaya musu, don su ake jin maganarsu.

Ni na yi wa Inna bayani har na gaji, ta ce yaushe aka haife ni. Jiya na tarar ta ware karare masu kyau daga abincin awaki, ta ɓoye a bayan ɗaki, tana jiran ranar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka tsufa da gwiwoyinka.

Wassalam.