Reshen Lemon Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Inna da take wajenki tana jinyar ido. Allah Ya sa aikin da aka yi mata ya zama ƙarshen wahala, Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi. Mu nan lafiya lau. Ciwon ƙafar Kawu ya yi sauƙi har ya koma shago, 'yan biyuna kuma sun fara tafiya, ba abin da suka bari a mazauninsa.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta wannan a gaban Inna. Kin san ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai masu lambun gida, wadda kike tsokanata da ita kina cewa mun fi tsiro yawan surutu. Duk ƙarshen mako gidan mutum ɗaya muke taruwa mu yi masa aiki. Yanzu da damina ta matso, aikin shi ne sassabe, zuba taki, rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, da rage wa itatuwa rassa. Makon jiya layi ya zo kan gidanmu. Har murna nake, na ce Inna za ta dawo da sabon ido ta tarar da tsakar gida tsaf.

Shugabanmu, tsohon hedimasta, ya tsaya ya maimaita mana ƙa'idar da muke bi kullum: a cire reshen da ya raunana, a bar mai ƙarfi ya samu iska da rana. Gaskiya ce, a kan barkono da gwaiba ba ta taɓa ba mu kunya ba. Na shiga ciki in haɗa musu shayi, ina jin ƙarar zarto ina cewa Allah Ya yi albarka. Da na fito da tire, wallahi ban san lokacin da na sake shi ba. Lemon zaƙin Baba, wanda ya yi wa aure da hannunsa, wato ya ɗaura reshensa a kan gindin wani icen, shekarar da ya rasu, yana kwance a ƙasa da furanninsa.

Kin tuna Baba a kan gindin lemon tsami ya ɗaura shi. To tun tafiyar Inna gindin ya fitar da wani reshe daga ƙasa, mai ƙaya, kore shar, ya yi tsawo ya fi na auren. Inna ce take tsinke irinsa da farce tun yana ƙarami, a cikinsu ba wanda ya san tana yi. Su kuwa bayin Allah da suka ga rassa biyu, ɗaya ƙato ɗaya a karkace, sai suka bi ƙa'ida. Mai gyaran keken da ke cikinmu ya sa zarto ya yanke na Baba daga daidai ɗaurin, suka bar wa na tsamin fili, har da zuba masa taki.

Na tsaya ina nuna reshen da yatsa. Mai gyaran keke yana share gumi yana tambayata ko yankan bai yi kyau ba ne, a gyara. Sai na faɗa musu abin da suka yanke. Hedimasta ya cire hula ya zauna a kan bokiti. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “'Yata, da hannunmu muka yi, kuma da kyakkyawar niyya.” Ni da na so in yi masifa sai na rasa wanda zan yi wa. Mai hannu a aiki shi ke ɓarna, kuma duk cikinsu ba wanda aka biya ko sisi.

Nas ɗin da ke cikinmu ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta jiƙa buhu ta naɗe reshen, aka ruga aka kira mai sayar da dashe na bakin titi. Ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya yanko idanu, wato 'yan wuraren da toho ke fitowa, daga reshen Baba ya ɗaura su a jikin mai ƙayar nan, ya naɗe da leda. Ya ce a kare su daga rana, kada ruwa ya shiga ɗaurin, kuma shi bai yi alkawari ba. 'Yan ƙungiya sun raba kwana, kullum da mai zuwa dubawa. Yawancin idanun sun yi baƙi, saura ɗaya da yake kore har yau. Na tambayi mai dashen in ya kama yaushe zai yi 'ya'ya, ya ce sai an yi shekaru. Yaya, ke ma kin san shekarun Inna.

Abin da nake roƙonki shi ne ki faɗa mata tun tana wajenki, a hankali, ranar da likita ya ce ta warware. Ke kin iya lallashi, ni ban iya ba. Ba na so abin da za ta fara gani da idon da aka gyara mata ya zama kututture. Jiya a waya ta ce in riƙa share mata ƙarƙashin lemon Baba, don nan za ta shimfiɗa tabarmarta in ta dawo. Na ce to. Kuma yau da safe na ɗauki tsintsiya na share.

Ki gaishe min da maigidanki, da Dogo, da Uwani sarkin rigima, da Gwaggo in ta leƙo. Kawu da 'yan biyu suna gaishe ku. Inna kuma ki riƙe mata hannu ki ce daga ni ne. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Auta